ZAƁEN CIKE GURBI A SHIYYAR DAURA: GURBIN WA AKE CIKEWA?

Ya ku ’yan’uwanmu talakawa, manoma da ’yan kasuwa, ’yan koli da ’yan tireda, mahauta da dillalan shanu, masu awo da direbobi, mata masu ƙosai da masu fura, maganar da muka ɗauko a wannan mako ta shafi aljihunku da tukunyar gidanku, ko da yake da sunan ƙuri’a ta zo. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfar kasuwa ko a dandali bayan sallar isha’i, don maganar ta kowa ce.

In mutum yana so ya san ainihin yadda siyasar ƙasa take tafiya, to ya dubi zaɓen cike gurbi. A babban zaɓe ƙura takan yi yawa, ga na shugaban ƙasa, ga na gwamna, ga kiɗa da motoci, har ƙananan ’yan takara su fake a bayan manya su wuce ba wanda ya tambaye su ko su wane ne. Amma a zaɓen cike gurbi kujera ɗaya ce tak, rana ɗaya, babu babbar rigar da za a ɓuya a cikinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu kuwa mutanen shiyyar Daura mun ga irin wannan rana da idonmu, kuma darasin da ke cikinta ya isa a yi ta maimaita shi har ya zauna.

ABIN DA YA FARU A 2018

Ran 4 ga Afrilu 2018 Allah ya yi wa Sanata Mustapha Bukar, Madawakin Daura, rasuwa. Allah ya jiƙansa. Shi ne ke wakiltar mazaɓar Katsina ta Arewa a Majalisar Dattawa, wato ƙananan hukumomi 12: biyar na masarautar Daura, su ne Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai’adua, sai bakwai na ƙasar Katsina, su ne Mashi da Dutsi da Mani da Ingawa da Bindawa da Kankia da Kusada. Kujerar ta zauna babu kowa wata huɗu, sa’an nan hukumar zaɓe ta sa ran 11 ga Agusta 2018 don a cike gurbi.

Jam’iyyar APC mai tsintsiya ta tsai da Ahmad Babba Kaita. Jam’iyyar PDP mai lema ta tsai da Kabir Babba Kaita. Ba kuskuren ɗab’i muka yi ba, jama’a. Wa ne da ƙane, ’yan gida ɗaya. Da aka ƙirga, ƙanen, wato Ahmad, ya sami ƙuri’a 224,607, wan kuwa ya sami 59,724.

Ba mu da wata ƙiyayya da waɗannan bayin Allah. Kowane ɗan ƙasa yana da ikon ya nemi kujera, doka ba ta hana wa da ƙane tsayawa ba, kuma ba mu ɗora wa ɗayansu laifin kome ba. Tambayarmu ga jam’iyyun nan biyu take. A cikin ƙananan hukumomi 12, da malamansu da manomansu da attajiransu da ’yan bokonsu, ashe manyan jam’iyyun ƙasar nan biyu, waɗanda kullum suke gaya mana su kishiyoyin juna ne kamar wuta da auduga, ba su sami inda za su ɗauko ’yan takara ba sai a zaure ɗaya? Mutum 284,331 suka bar gonakinsu a tsakiyar damina, suka bar rumfunansu, suka yi layi, suka dangwala wa ɗayan biyun nan. Kowa ya ci, kujerar gida ɗaya za ta kwana. To me aka tambayi talaka ya zaɓa?

Labarin bai ƙare nan ba. Sanata Ahmad ya sake cin kujerar a babban zaɓen 2019 a ƙarƙashin tsintsiya. A 2022 sai ya bar APC ya koma PDP, jam’iyyar da ya kayar a 2018, ya tafi da kujerarsa. A 2023 ya tsaya a ƙarƙashin lema, Nasir Sani Zangon Daura na APC ya kayar da shi. Ku duba da kyau. Talakan da ya yi faɗa da maƙwabcinsa a 2018 saboda tsintsiya, har suka daina gaisawa a masallaci, ya wayi gari cikin shekara huɗu an sauya masa gida ba a yi shawara da shi ba. Manya sun sauya riga sun ci gaba da zumuncinsu. Gabar kuwa tana nan a unguwa, a hannun wanda bai ci kome ba.

WANDA YA TSAI DA ’YAN TAKARA SHI YA YI ZAƁE

Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Zaɓe na gaskiya ana yinsa ne ranar da ake fid da ɗan takara, kuma a wannan rana ƙofar a rufe take ga talaka. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba mai tsayawa neman majalisa sai ɗan jam’iyya wanda jam’iyyarsa ta tsayar. Jam’iyya kuwa ta sa wa ƙofar kwaɗo da kuɗi. A 2022 APC ta sayar da takardar neman tsayawa sanata a kan naira miliyan 20, PDP ta sayar da tata a kan miliyan 3 da rabi. A wannan shekara mafi ƙarancin albashin ma’aikaci naira 30,000 ne a wata. Ku yi lissafi da kanku. In ƙaramin ma’aikaci ya ɗaure bakinsa, bai ci ba, bai sha ba, bai ɗinka wa ’ya’yansa riga ba, sai ya yi shekara 55 da ’yan watanni kafin ya tara kuɗin takardar tsintsiya, ko kusan shekara 10 kafin ya tara na lema. Takardar kawai ke nan, ba a zo maganar wakilan da ke jefa ƙuri’ar fid da gwani ba, waɗanda kowa ya san ba da ruwan sanyi ake shawo kansu ba.

Wanda ya kashe wannan dukiya kafin ya shiga majalisa, da bashi ya shiga. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya biya masa takarda shi zai fara ji, ba mai tallan goro a tashar Daura ba.

Ko kun manta da 2011? A wannan shekara jama’ar Katsina ta Arewa suka fito suka dangwala wa alƙalami, alamar jam’iyyar CPC, saboda ƙaunar Janar Muhammadu Buhari. Amma jam’iyyar ta rabu gida biyu a kan ’yan takara. Aka fara rantsar da Abdu Umar ’Yandoma, shari’a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, daga baya kujerar ta koma hannun Hadi Sirika. Ƙuri’ar ta talaka ce, amma wanda zai zauna da sunansa a Abuja aka yanke shi, tsakanin lauyoyi da shugabannin jam’iyya. Wannan ita ce cutar da muke faɗa, kuma ba ta san alama ba. Ta kama lema, ta kama alƙalami, ta kama tsintsiya.

DABARAR TSOHUWA CE

Kada matasa su ɗauka yau aka fara. Ku tambayi dattawan da suka ga zamanin En’e. A zaɓen 1951 ba a bar talaka ya zaɓi wakilinsa kai tsaye ba. Hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, kuma a hawa na ƙarshe aka ba En’e ikon ta cusa mutanenta, kashi 10 cikin 100, waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Jam’iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba a lardin. An tace ƙuri’ar talaka kamar yadda ake tace gasara, aka zubar da shi a dusa.

A lokacin nan mai ba da izinin lacca En’e ce, ’yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari nata ne, kuma manyan ma’aikatanta su ne ’yan takarar NPC. A nan Daura ma haka abin yake. Alhaji Muhammadu Bashar, Wamban Daura, ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta a 1966. Ba aibata shi muke yi ba, Allah ya jiƙan magabata. Muna nuna muku ne yadda sarauta da jam’iyya da hukuma suke jiki ɗaya a wancan zamani, har talakan da ya ɗaga tauraro maimakon fartanya yakan ga kamar da dukan duniya yake faɗa. Duk da haka an sami maza da mata da suka tsaya. Malam Aminu Kano ya tsaya, Malam Sa’adu Zungur ya tsaya, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana neman wa matan Arewa ƙuri’ar da ba su samu ba sai a 1976.

Yau babu En’e, babu ’yan doka, ba a ɗaure mutum don ya yi lacca babu izinin hakimi. Mun gode wa Allah, mun gode wa waɗanda suka sha bulala don mu. Amma rariyar tana nan. Da da ikon En’e ake tacewa, yanzu da kuɗin takarda da wakilan jam’iyya. An sauya rariya, ba a daina tacewa ba.

“TAMU CE, TA AREWA CE”

Akwai wata magana da ake kashe bakin talaka da ita tun zamanin Turawa, ita ce: wannan jam’iyya tamu ce, waccan ta baƙi ce. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, sai aka bi ƙauyuka ana cewa ’yan NEPU sun sayar da Arewa ga ’yan Kudu. Da jam’iyyar Action Group ta Cif Awolowo ta haɗa kai da UMBC ta mutanen tsakiyar Nijeriya, haka aka ce. To, aka yi zaɓen tarayya a Disamba 1959. NPC ta sami kujera 134 cikin 312, NEPU ta sami 8. Kujerun NPC ba su isa kafa gwamnati ba. Da wa ta haɗa kai? Da NCNC ɗin nan dai, wadda jiya aka ce ƙawance da ita cin amanar Arewa ne! A 1964 kuma NPC ta ƙulla da jam’iyyar Cif Akintola ta Yamma. In talaka ya miƙa hannu Kudu ya zama maci amana, in babba ya miƙa ya zama mai hangen nesa.

Haka aka sake yi a zamaninmu. CPC jam’iyya ce mai ƙarfi a Arewa, ACN mai ƙarfi a ƙasar Yarabawa. Kowace ta gwada ita kaɗai a 2011 ba ta kai ba. A 2013 suka narke tare da ANPP da wani ɓangare na APGA suka zama APC, suka ci mulki a 2015. A 2023 kuma muka ga NNPP ta kama Kano, jam’iyyar Labour ta kama ƙasar Ibo a zaɓen shugaban ƙasa, kowa yana kiran mutanen yankinsa. Mu ba mu ce haɗa kai da mutanen wani yanki laifi ne ba. Ƙasar ɗaya ce, kuma ba mai mulkinta da ƙuri’ar yanki ɗaya. Abin da muke cewa shi ne, maganar yanki ciniki ce a wurin manya. Suna tara ƙuri’unmu kamar yadda dillali ke tara shanu a kara, sa’an nan su tafi da su Abuja su yi ciniki, a ba wannan minista, a ba wancan shugabancin majalisa. Saniya kuwa ba a tambayarta nawa aka sayar da ita.

Mai sayar da barkono a Mai’adua da mai sayar da manja a Anaca, abin da ke damunsu ɗaya ne: shingen hanya, da kuɗin mota, da harajin da ba a ga aikinsa ba. Wanda ke gaya muku wancan ne abokin gabarku, ku dubi hannunsa, za ku ga da wa yake cin tuwo da dare.

KASUWA CE SHAIDARMU

Wani zai ce, to mene ne ruwan ɗan kasuwa da wanda ya zauna a kujerar sanata? Ruwansa da yawa. Majalisar Dattawa mai mutum 109 ita ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa tare da Majalisar Wakilai, ita ke tantance ministoci da gwamnan Babban Banki, kuma tana da ikon kiran shugaban kwastan ya zo ya yi bayani. Bakin da muke da shi a can guda ɗaya ne. In ya yi shiru mun yi shiru.

Ƙasar Daura ƙasar kan iyaka ce. Daga Kwangwalam zuwa Matamai da Damagaram dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, aure ɗaya, kuma kasuwar Mai’adua da wannan zirga-zirga take rayuwa. A watan Agusta 2019, shekara ɗaya bayan zaɓen da muke magana, gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamba na wannan shekara aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mutumin da aka haifa a bakin iyaka ya zama abin tuhuma a garinsu saboda ya sayi man babur. A Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ta Jibiya kuwa sai a Afrilu 2022. A farkon 2023 sauyin takardun naira ya zo, kuɗi suka ɓace daga kasuwa, mai akuya ya rasa mai saye, mai saye ya rasa abin biya. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufe iyaka, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai a Maris 2024.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjar da masu mulki suka bayar, kuma ba yau za mu yi gardamar kowanne ba. Tambaya ɗaya muke so kowane ɗan kasuwa ya yi wa kansa: a duk waɗannan shekaru, sau nawa wani wanda ka zaɓa, na kowace jam’iyya, ya zo rumfarka ya zauna ya tambaye ka yadda abin ya shafe ka, kafin a yi ko bayan an yi? Ka ƙirga. Sa’an nan ka ƙirga sau nawa suka zo lokacin neman ƙuri’a.

Za a ce mana ai Daura ba ta da bakin kuka, ɗanta ya yi shugaban ƙasa shekara takwas. Gaskiya ne Muhammadu Buhari, wanda ya rasu ran 13 ga Yuli 2025 aka binne shi a Daura, Allah ya jiƙansa, ya mulki ƙasar nan daga 2015 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya da jami’ar sufuri a Daura, aka ɗora harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Mun gani, ba mu musa ba. Amma wannan ma hujjarmu ce. Abin da ya zo saboda mutum ɗaya yakan tsaya in mutumin ya kau. Jama’ar da ta saba jiran alheri daga ɗanta da ke sama ba ta koyi yadda za ta tilasta wa wakilinta aiki ba. Kuma rufe iyakar 2019 a wannan zamanin aka yi shi. Kasancewar mai mulki ɗan garinku bai hana dokarsa ta taka ku ba, in ba ku da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunku.

Kowane yaro a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda macijin ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma’a. Rijiyar tasu ce, ƙishirwar tasu ce, amma ranar ɗiba ta wani ce. Mutanen Daurama sun fi mu sa’a, su kwana bakwai suke jira. Mu shekara huɗu muke jira kafin a buɗe mana bakin rijiya a ba mu taliya da atamfa da sabulu, sai fa in wani ya rasu an kira zaɓen cike gurbi, a ƙara mana rana ɗaya. Kuma kada kowa ya zauna jiran wani Bayajidda ya zo daga gabas da takobi. Wannan macijin taron jama’a ne kaɗai ke iya masa.

MASU CEWA BA ZA A IYA BA

Mun san abin da wasunku za su ce. Za ku ce yunwa ba ta san gobe ba, in an miƙo kuɗi ranar zaɓe dole a karɓa. Ba mu raina yunwar kowa ba, mu ma a cikinta muke. Amma mu yi lissafin kasuwa. A ce an ba ka naira 2,000 a kan ƙuri’arka, kujerar kuwa ta shekara huɗu ce, kwana 1,461. Ka sayar da bakinka a kan abin da bai kai naira ɗaya da rabi ba a yini. Wane ɗan kasuwa ne zai ba da hayar rumfarsa a kan wannan? Wanda kuwa ya saya ya biya, ba ka bin sa bashin kome. In ka je ƙofarsa gobe da kukan asibiti ko na makaranta, yana da ikon ya ce ciniki ya ƙare tun a rumfar zaɓe.

Za ku ce kuma gwamnati ba ta faɗuwa zaɓe, wanda ya bi ’yan hamayya ya zubar da ƙuri’arsa. Tarihin ƙasarmu ya ƙaryata wannan. A 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna, jam’iyyar PRP mai mabuɗi, wadda ba ta da attajirai ba ta da sarakuna, ta ci kujerar gwamna. Alhaji Balarabe Musa ya hau, ya soke haraji da jangali, abin da kakanninmu suka yi ta gudu daji saboda shi. Haka Abubakar Rimi ya yi a Kano. Amma ku ji sauran labarin, don a nan darasin yake. Majalisar jihar a hannun NPN take. Suka hana shi naɗa kwamishinoni, a Yuni 1981 suka tsige shi. Talakawa sun ci kujera babba, sun bar ƙanana, ƙananan suka cinye babbar. Saboda haka duk wanda ya ce muku kujerar majalisa ba kome ba ce, zaɓen cike gurbi ba ya da amfani, ku tuna masa da Balarabe Musa.

A 2015 PDP ta faɗi a Katsina bayan shekara 16 tana mulki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuma, a jihar shugaban ƙasa mai barin gado, ɗan takarar PDP ya fi na APC ƙuri’a, da ratar da ba ta kai 7,000 ba. Talakan Katsina ya iya kayar da mai mulki, ya nuna haka ba sau ɗaya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya iya tsai da nasa.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wanda ya san ranar da wata kujera za ta sake zama babu kowa, rai a hannun Allah yake, kuma zaɓen cike gurbi ba ya ba da dogon lokaci. Wanda ya shirya tun da wuri shi ke cinsa. Ga abin da muke kira.

Na ɗaya, kowa ya yanki katin jam’iyya da kuɗin aljihunsa, ya riƙa biyan kuɗin wata kome ƙanƙantarsa, ya riƙa zuwa taron mazaɓa. Jam’iyyar da mutum ɗaya ke biya wa kuɗin hayar ofis, tasa ce. Wadda dubu suka tara wa, ta dubu ce. ’Yan NEPU da kwabo da sisi suka riƙe tasu, shi ya sa aka ɗaure su aka kasa sayensu.

Na biyu, ƙungiyoyin kasuwa, na ’yan hatsi da na ’yan shanu da na mahauta da na direbobi da na mata masu sana’a, su zauna tun yanzu su rubuta buƙatunsu a takarda ɗaya: maganar iyaka, da shingayen hanya, da yawan rasit a kasuwa, da taki, da ruwan sha. Duk ɗan takarar da ya zo, na kowace alama, har da na wannan jam’iyya tamu, a zaunar da shi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, a karanta masa, ya amsa a gaban jama’a, ya sa hannu. Wanda ya aiko wakili da buhun shinkafa maimakon ya zo da kansa, ya riga ya ba ku amsa.

Na uku, a tambayi kowane ɗan takara: in ka bar jam’iyyar da muka zaɓe ka a cikinta, za ka ajiye kujerar ka dawo mu sake zaɓe? Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya jam’iyya ya rasa kujerarsa, sai in jam’iyyar ta rabu ko ta narke da wata, kuma ta wannan ƙofa kowa ke ficewa. Sashe na 69 ya ba ku ikon yi wa wakilinku kiranye, in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu. Hanya ce mai wuya, an gwada ta a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 ba ta kai ba. Amma wakilin da ya san mutanensa suna da ƙungiya, suna da rajistar sunayensu a hannu, ba ya barci kamar wanda ya san a warwatse suke.

Na huɗu, ranar zaɓe kowa ya fito, maza da mata. A zaɓen cike gurbi mutane kan yi zamansu a gida, saboda haka ƙuri’ar wanda ya fito takan yi nauyi fiye da kullum. Bayan kun jefa kada ku watse. Ku tsaya cikin lumana, babu sanda babu wuƙa, a ƙirga a gabanku, a rubuta sakamako a takarda, wakilinku ya sa hannu ya karɓi kwafinsa. Kada ɗan kowa ya yarda a ba shi ƙwaya da gora ya je ya fasa kan ɗan maƙwabcinsa. Kun dai gani a 2018, masu takarar ’yan gida ɗaya ne. In su ba su zub da jinin juna ba saboda kujera, don me ku za ku zub da naku?

Jama’a, gurbin da ya buɗe a Afrilu 2018 an cike shi cikin wata huɗu. Amma akwai gurbin da yake buɗe tun 1951, shi ne na talaka a wurin da ake yanke shawarar wanda zai tsaya. Hukumar zaɓe ba za ta sa ranar cike wannan ba, kuma manyan jam’iyyu ba za su tuna mata ba, don da rashin cike shi suke ci. Mu ne za mu sa ranar, a mazaɓunmu da kasuwanninmu, daga Baure har Kusada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba talaka sawaba, ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa. Amin.